Yadda Ake Nazarin Taurari da Jigo a Fim da Ƙagaggen Labari

A Damagaram ba a rasa masu sharhi. Duk wanda ya taɓa zama a fada, wato majalisar hira ta samari, bayan sallar isha'i, a Birni ko a Zango ko a Sabon Gari, ana jiran shayi na biyu ya nuna, ya san yadda gardama take kaurewa a kan fim ɗin da aka gama kallo a waya: wannan ya ce matar ce ta cuci mijinta, wancan ya ce ai uwar mijin ce ta hura wutar, na uku ya rantse cewa da shi aka yi wa haka ba zai yafe ba har abada. Haka mata suke yi a tsakar gida a kan littafin da ke yawo daga hannu zuwa hannu, ko wanda marubuciyarsa take sakowa kashi-kashi ta WhatsApp. Ban raina wannan gardama ba ko kaɗan, domin daga cikinta nazari yake tsirowa. Abin da take rasawa shi ne hujja, wato mutum ya iya nuna wurin da labarin da kansa ya gaskata maganarsa. Hanyar samo wannan hujja nake son in shimfiɗa a nan, domin ɗalibin lise, wato babbar sakandare, ko na Jami'ar André Salifou da aka ba shi aikin sharhi, da kuma wanda babu malamin da ya sa shi, sha'awa ce kawai ta ja shi.

Sai mu fara da gyara kalmomi biyu, domin rikicewarsu tana ɓata aiki tun daga tushe. Masana adabin Hausa suna kiran mutanen da ke cikin labari taurari. Wanda labarin ya rataya a wuyansa shi ne babban tauraro, sauran kuwa ƙananan taurari ne. Jarumi, a bakin masu kallo, shi ne ɗan wasan da ya hau matsayin, mutum ne mai gidansa da iyalinsa wanda gobe zai fito a wani fim da wani hali dabam. Na sha karanta sharhin da aka cika da sunan ɗan wasa, ana cewa wane mugu ne, wance ba ta da tausayi, alhali wanda ake nufi shi ne mutumin da suka kwaikwaya. Mai nazari ya riƙe sunan tauraron, ya ajiye na ɗan wasan sai lokacin da zai yi magana a kan iya wasansa. Kalma ta biyu ita ce jigo, wato saƙon da labari yake ɗauke da shi gaba ɗayansa, kuma za mu daɗe a kansa nan gaba, domin a nan aka fi yin tuntuɓe.

Labari ba ya nazartuwa a karo ɗaya. Karon farko na jin daɗi ne: ka bar zuciyarka ta bi wanda za ta bi, ta tsani wanda za ta tsana, kada ka riƙe alƙalami. Da ka gama, tun kafin ka tattauna da kowa, ka rubuta labarin a jimla biyar ko shida. Wannan ɗan aiki yana tona asirin ginin labarin, domin mutumin da ka kasa taƙaitawa ba tare da ambatonsa ba shi ne babban tauraro, ko da wani ya fi shi yawan fitowa, kuma duk fitowar da ka tsallake ba tare da labarin ya gurgunce ba, to ado ce ko ciko. A karo na biyu ne za ka zauna da littafin rubutu, ka ware wa kowane tauraro shafinsa, kana rubuta abin da ya yi da lambar shafin da ya yi shi, idan kuma fim ne da mintin da abin ya faru. Wanda ya raina wannan rubutu na shafi da minti zai dawo nemansa ranar da aka ce masa ya kawo hujja.

Tambayar farko da za a yi wa kowane tauraro ita ce: me yake so? Amsar kada ta zama mai faɗi kamar a ce yana son farin ciki, domin kowa yana sonsa. A nemi abin da za a iya nunawa da yatsa: tana son ta ƙarasa karatu kafin aure, yana son ubansa ya ɗauke shi daidai da ɗan kishiyar uwarsa, tana son ta haifi namiji domin gado. Daga nan a tambayi abin da ya tare masa hanya, ko mutum ne, ko talauci, ko al'ada, ko wani rauni da ke cikin zuciyarsa. Tambaya ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce ginshiƙin duk abin da nake son in faɗa: da hanya ta rabu biyu, kowace da asararta, wacce ya ɗauka, kuma me ya yarda ya rasa? Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tauraron da yake kyauta alhali aljihunsa a cike yake bai gaya mana komai game da kansa ba tukuna. Ranar da kyautar za ta hana ɗansa cin abinci, ko ranar da faɗin gaskiya zai raba shi da wadda yake so, ranar ce halinsa yake fitowa fili, kuma waɗannan wurare ne mai nazari zai ja wa layi.

Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga a shekarun 1930, ya isa misali. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya aure ta da ƙarfin dukiya. Har zuwa nan Abubakar ne wanda aka zalunta, kuma zuciyar mai karatu tana tare da shi. Sai ya zaɓi ramuwa, ya bar garinsu ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa a wannan aure, yaron ya tashi ɓarawo, har ƙaddara ta kai shi ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Mai nazarin da ya tsaya a kan cewa Abubakar abin tausayi ne ya karanta kashin farko kawai, wanda kuma ya ce mugu ne ya manta da mafarin abin. Aikin nazari shi ne a bi sawunsa a nuna inda wanda aka zalunta ya rikiɗe ya zama azzalumi, a kuma lura cewa wanda ya fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan rigima yaro ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ka riƙe wannan tambaya ta wanda ya biya bashin da bai ci ba, domin za ta yi maka jagora idan an zo neman jigo.

Ta hanya uku ake sanin tauraro: abin da ya faɗa, abin da ya aikata, da abin da wasu suka faɗa a kansa. Ba a ba su nauyi ɗaya. Aiki ne a gaba, maganarsa tana biye, shaidar mutane kuwa sai an duba bakin da ta fito, domin yabon uwa da zagin kishiya duka ba a gina hukunci a kansu. Inda waɗannan uku suka saɓa wa juna, nan ne ma'adinin nazari. Alhajin da kullum bakinsa yana kan amana, amma ya danne gadon marayun ƙaninsa, marubucin bai yi kuskure ba da ya haɗa masa waɗannan biyu. Tazarar da ke tsakanin bakinsa da hannunsa ita ce halinsa.

A nan ne ya wajaba a tambayi wanda yake ba da labarin. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne da kansa yake ba da labarin yawonsa, saboda haka duk abin da muka sani game da abokin karawarsa, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ta bakin Alhaji muka ji shi. Idan mai karatu ya jera dabarun da kowannensu ya ƙulla wa ɗan'uwansa, ya ajiye daɗin bakin mai ba da labari a gefe, zai ga cewa hannun Alhaji bai fi na Zurƙe tsabta sosai ba. Mun bi bayan Alhaji ne domin shi ke riƙe da zaren maganar, kuma domin an ba tafiyarsa manufa mai kyau, ta neman ruwan magani. Duk littafin da aka rubuta da bakin "ni" yana buƙatar irin wannan taka-tsantsan. A fim kuwa kyamara ce take wannan aiki: wanda aka daɗe ana nuna fuskarsa yana kuka shi za mu tausaya wa, wanda aka nuno daga nesa ko ta baya ba a ba mu damar shiga zuciyarsa ba. Sai mai nazari ya tambayi kansa yadda labarin zai kasance da an ba wancan na nesa bakin magana.

Akwai abin da mu da muka tashi cikin al'adar muke da shi wanda baƙo ba shi da shi, kuma asara ce mu bar shi a ƙasa. Yawancin abin da Bahaushe yake ji ba ya furta shi. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane, alkunya take yi, kuma wanda bai san wannan ba zai rubuta cewa ba ta ƙaunarsa. Budurwar da aka tambaya ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shirun nata yana iya zama yarda, yana iya zama biyayyar dole, kuma abin da ya gabata da abin da ya biyo baya ne kaɗai za su raba gardama. Haka nan yadda taurari suke kiran juna. Matar da ta saba cewa Malam ko Alhaji ko Baban wane, ranar da ta kira mijinta da sunansa na yanka, wani abu ya karye a gidan ko da ba a daga murya ba. Ɗan da ya shigo gaban mahaifinsa bai durƙusa ba, surukin da aka bari a tsaye a zaure ba a shimfiɗa masa tabarma ba, abincin da aka kawo aka mayar ba a buɗe ba, duk maganganu ne cikakku. Ka rubuta su a shafin tauraron kamar yadda za ka rubuta furucinsa.

Fim yana da nasa harshen da littafi ba shi da shi. A fina-finan Kano, inda namiji da mace ba sa taɓa juna, kallo da kyauta da waƙa ne suke ɗaukar nauyin da taɓawa take ɗauka a fina-finan wasu ƙasashe. Saboda haka kada a yi saurin tura waƙa gaba. Wata waƙar ciko ce, an sa ta domin kasuwa, amma wata ita ce kaɗai wurin da tauraruwa take faɗin abin da kunya ta hana ta faɗa a gaban iyayenta. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire waƙar a ranka, ka ga ko akwai abin da ka daina sani game da masu yin ta. A lura da sutura da muhalli kuma, musamman lokacin da suka sauya, kamar yarinyar da ta bar atamfa ta koma leshi mai tsada, ko gidan ƙasa da aka bari aka koma mai bene, domin sau da yawa darakta yana sanar da sauyin hali ta nan tun kafin baki ya furta. Sai dai a yi hattara, ba kowane falo mai ƙyalli ne yake ɗauke da ma'ana ba, wani gidan shi ne kawai wanda masu shirin suka samu aro.

Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa suna da nasu tarko. Muryar da kake ji ta mai fassara ce, kuma sau da yawa yakan ƙara barkwanci da karin magana da habaicin da babu su a asali. Wanda zai yi nazarin irin wannan fim ya dogara da abin da idonsa ya gani tauraron ya aikata, ya kuma bayyana a sharhinsa cewa fassara ya kalla.

Ƙananan taurari ba a raina su. Ƙawar da take zuga, uwar mijin da ba ta gamsuwa, boka, mai gadi, ɗan aike, kowannensu an kawo shi domin wani aiki: ko ya tura babban tauraro ga zaɓi, ko ya zama madubin da za a gan shi a ciki. Idan aka ba tauraruwa ƙawaye biyu, ɗaya tana cewa ta yi haƙuri ɗaya tana cewa ta nemi saki, to gardamar da ke cikin zuciyarta ce aka raba wa mutum biyu domin mu ji ta da kunnenmu. Kuma ba aibi ba ne tauraro ya zama mai hali guda wanda ba ya sauyawa daga farko har ƙarshe. Gizo bai taɓa tuba ba a tatsuniya, kuma waɗanda suka tashi da wasannin kwaikwayon Yazi Dogo, shahararren ɗan wasan Nijar, da abokan wasansa a rediyo da talabijin sun san yadda ake faɗin gaskiya mai ɗaci ta bakin mutum mai hali guda da kowa ya gane shi tun daga sallamarsa. Aibin yana zuwa ne idan babban tauraron da aka ɗora wa labari mai nauyi ya sauya dare ɗaya ba dalili, mugu tun farko ya wayi gari salihi domin kawai fim ya zo ƙarshe. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai nazari yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa abin da ya tsamar da shi.

Yanzu sai jigo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a amsa da kalma ɗaya: jigon littafin soyayya ne, jigon fim ɗin kishi ne. Soyayya da kishi batutuwa ne, wato abin da ake magana a kai, kuma littattafai ɗari suna iya tarayya a batu guda alhali kowanne abin da yake cewa dabam ne. Jigo shi ne abin da wannan labari, shi kaɗai, yake cewa game da batun, don haka sai an faɗe shi a cikakkiyar jimla. A ce, misali, auren da aka ƙulla domin biyan bashin iyaye ƴaƴa ne suke biyan kuɗinsa, ko a ce ramuwa takan wuce wanda aka nufa ta faɗa kan wanda bai yi laifi ba. Jimla irin wannan ana iya gwada ta, ana iya musanta ta, kuma abin da ake iya musantawa shi ake iya kafa wa hujja.

Hanyar samo ta tana cikin shafukan da ka riga ka cika. Ka duba zaɓin da babban tauraro ya yi, ka duba abin da ya biyo baya, ka ga wanda labarin ya saka wa da alheri, da wanda ya hukunta, da wanda ya sha wuya ba laifinsa kuma aka wuce ba a waiwaye shi ba. Ka ƙara da abin da yake ta maimaituwa, ko karin magana ne, ko wani abu kamar zobe ko takardar saki ko ƙofar gida da ake ta rufewa. Daga nan ka rubuta jimlarka, sa'an nan ka koma ka nemi fitowar da ta ƙaryata ta. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu, domin ba mai son ya rushe ginin da ya yi da hannunsa. Amma idan ka sami fitowa biyu ko uku da suka ƙi shiga ƙarƙashin jimlarka, to ko dai jimlar ce take buƙatar gyara, ko kuwa ka gano ƙaramin jigo da ke tafiya a gefen babban, kuma kowanne daga ciki riba ce.

Sau da yawa marubuci yakan furta saƙonsa a fili, a sunan littafi, ko a gabatarwa, ko ta bakin wani malami ko dattijo da zai tara kowa a fitowar ƙarshe ya yi nasiha. Masana suna kiran irin wannan da sunan furucin jigo, kuma ba a watsar da shi. Sai dai ba a karɓarsa ido rufe, domin labari yakan faɗi abin da ya fi nasihar da aka rufe shi da ita, wani lokaci ma ya saɓa mata. Masu shirya fim a Kano suna aiki ne a ƙarƙashin idon hukumar tace fina-finai da aka kafa a 2001, da idon malamai, da na kasuwa, saboda haka tuba da nasihar ƙarshe wani lokaci tilas ce ta sana'a. Fim ɗin da ya shafe awa biyu yana ƙawata dukiyar ɗan damfara, motocinsa da gidajensa da matan da ke rububinsa, sa'an nan ya kama shi a minti biyar na ƙarshe, bakinsa yana cewa haram ba ta da albarka, amma idonsa wani abu dabam ya koya wa yaron da ke kallo. Mai nazari na gaskiya zai rubuta duka biyun, ya nuna wanda ya rinjaya.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ne littafin da nake ba duk mai son ya gwada wannan aiki. Sunansa karin magana ne, kuma ya riga ya furta jigo: Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi, ya auro Delu, ya kori Rabi da ƴaƴanta, daga baya gobara ta cinye dukiyarsa, alhaki ya bi ubangidansa. Wanda ya tsaya a nan bai yi ƙarya ba. Amma a bi shafin Rabi a gani. Bayan an kore ta, ta tsaya da ƙafarta, ta kama sana'ar abinci, ta riƙe ƴaƴanta, rayuwarta ta daidaita. Da mijin ya karye, sai aka matsa mata ta koma ta ɗauki nauyinsa. A nan tambayarmu ta dawo, ta wanda ya biya bashin da bai ci ba. Wani mai karatu zai ce komawarta sakamakon haƙuri ne da cikar mutunci. Ni a nawa karatun, littafin yana nuna cewa ko da alhaki ya kama namiji, mace ce ake kira ta share wurin, kuma wannan jigo na biyu, wanda ba a rubuta shi a bango ba, ya fi na farko nauyi. Ba dole ne a yarda da ni ba. Abin da yake dole shi ne duk ɓangaren da mutum ya ɗauka ya kawo shafukan da suka goya masa baya, ya kuma amsa waɗanda suka saɓa masa.

Labarin da aka gina a kan tarihi yana buƙatar ƙarin kula, kuma mu a nan Nijar muna da misali a gida. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia da Faransanci a 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Sarauniyar tarihi dabam, ta littafi dabam, ta fim dabam. Mai nazari ba ya hukunta marubuci domin ya sa wa tauraruwarsa maganar da babu wanda ya ji ta faɗa, wannan shi ne aikin ƙagawa. Abin tambaya shi ne me ya zaɓa ya haskaka, me ya bari a duhu, kuma me wannan zaɓi yake cewa ga mutanen zamanin da aka rubuta littafin, shekara ashirin bayan samun ƴancin kai. Ko fim na gaskiya bai kuɓuta daga wannan tambaya ba. Fim ɗin Zinder, wanda Aïcha Macky ta yi a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram, mutanen cikinsa na gaske ne, amma wanda aka bi da kyamara da abin da aka yanke aka zubar duk zaɓi ne, kuma daga zaɓin ake karanto jigo.

Fina-finai masu dogon zango, waɗanda yanzu suka mamaye YouTube da tashoshin talabijin, ba a yanke musu hukuncin jigo tun ana tsakiyar tafiya. Ana rubuta da yawansu ne ana nunawa, ra'ayin masu kallo yana iya karkata alƙalami, ɗan wasa yana iya barin shiri a sauya shi ko a kashe tauraronsa. Abin da ya fi aminci shi ne a ɗauki zango ɗaya a nazarce shi, a faɗi iyakar inda aka tsaya.

Idan an zo rubuta sharhin, jarrabawar da ta fi kayar da mutane ita ce sake ba da labari. Taƙaitawar nan ta jimla biyar da ka yi tun farko ta wadatar, sauran wurin na hujja ne. Ka buɗe da jimlar jigonka domin mai karatu ya san inda za ka kai shi, ka ɗauki taurari biyu ko uku waɗanda zaɓinsu ya fi bayyana ta, ka warware ta a kansu ɗaya bayan ɗaya, kana ambaton shafi ko minti. Idan ka ɗauko maganar tauraro, ka kawo ta yadda take, da karin harshen da aka faɗe ta, kada ka mayar da Kananci Damagaranci ko ka gyara wa ɗan ƙauye bakinsa, domin karin harshe ma yana cikin abin da aka gina tauraro da shi. Ka raba abin da ka so da abin da ya ginu da kyau: tauraruwa tana iya ba ka haushi matuƙa alhali an ƙera ta da gwaninta, haushin naka ma shaida ne cewa ta yi rai. Inda ka ga rauni ka faɗe shi a kan aikin, ka bar mutuncin marubuci da na ɗan wasa, domin ba su ne a gaban alƙalaminka ba. Kafin ka miƙa wa malami ko ka saka a Facebook, ka kai rubutun fada ko tsakar gida, ka karanta wa wanda ka san ya fi kowa saɓa maka a kan wannan labari, ka rubuta fitowar da zai kawo maka wadda ba ka lura da ita ba, ka koma gida ka sake buɗe littafin a wannan shafi.